Sunan Uba a Takardar Yaro

Aminina,

Gaisuwa mai yawa daga Maraɗi. Barka da arziki, Allah ya raya ya dayyaba. Sai a bakin Hajiya na ji an sauka lafiya, kai da ka ce ba ka ɓoye mini komai! Ran suna kuma rago ɗaya ka yanka, duk da kuɗin Kwatano? Za mu yi wannan shari'a in ka zo.

Ta ce kana ta wasi-wasi a kan sunan da za a rubuta wa yaron bayan nasa. Naka ne. Haka muka gada: sunan yanka, sai na mahaifi. Da can ana cewa Ali ɗan Musa ko Hadiza ƴar Musa, kamar yadda Larabawa ke cewa bin da bint, kamar kuma Usmanu ɗan Fodiyo. Takardun nasara suka zo, "ɗan" ya faɗi, aka koma Ali Musa. Shi ya sa namu ke canzawa daga uba zuwa ɗa: ɗan Ali ba Musa zai ɗauka ba, Ali zai ɗauka, sai dai a ƙara na kaka ya zama na uku. Mace ma na ubanta take riƙewa har a gidan aure. Ka tuna aya ta 5 a Suratul Ahzab, a kira su da ubanninsu. Amma ba kowane "Ɗan" ne uba ba, Ɗanladi da Ɗanjuma ranar haihuwa ce.

Inda ake tuntuɓe shi ne wajen rubutawa a takardar haihuwa. Ka je da kanka, da katinka na ɗan ƙasa a hannu. Uwargida ba za ta faɗi sunanka ba saboda alkunya, za ta ce Alhaji ko laƙabinka, mai rubutu kuma abin da ya ji shi zai sa. A kwafe harafi da harafi: in Issoufou ne a katinka kada a sa Yusuf, in Mahamane ne kada a sa Mamane, a kwamfuta mutum biyu ne. Ka duba kada a juya gidajen, naka a gidan sunan iyali, nasa a gidan sunan yanka. Idan kuma Baba ka mayar, sunan gaskiya za a rubuta, "Abba" na cikin gida ne. Harafi ɗaya yana kwance shekara da shekaru, sai ranar jarrabawar BEPC ta gama ƙaramar sakandare ko fasfo ya tashi, gyaransa kuwa sai an hau kotu. Kada ka yi jinkirin yankar takardar ma, in wa'adi ya wuce can ɗin za a tura ka.

Ruwa ya yi gyara, Gulbi ya cika har mutanen Tibiri suna zagaye. Gero ya fara sauka ran kasuwar Juma'a. Telanka na unguwar Zariya ya yi ta biyu, har yanzu yana cigiyar cikon kuɗin ɗinkinsa.

Ka gai da mai jego, ka turo hoto.

Naka,
na Bagalam