Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Jihar Damagaram kan gubar da ke wuraren sana'a

Mai girma Gwamna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku, na rubuto ne a kan wata cuta da ba a yi mata gangamin rigakafi, ba a kuma ware mata gado a asibiti: gubar da mutanenmu ke shaƙa, suke dama ta da hannu, wani lokaci har su haɗiye ta, a wurin neman abinci.

Sana'a mai haɗari ba baƙuwa ba ce a Damagaram. Tun zamanin Sarki Tanimun ake ƙera igwa ana haɗa albarushi a garin nan, fatun da majemanmu suka jeme kuma ayari ke kai su har Tarabulus. Amma a duba kayan aikin majemi na wancan lokaci: toka, kashin tantabara, bagaruwa, sai karan dafi don jan launi. Marini shi ma baba ne da toka. Aikin yana da wari, yana cin hannu, ban ce babu wahala ba. Sai dai haɗarin sananne ne, yana unguwa guda, kuma kowace sana'a na da sarkinta. Yaro a gaban ubansa yake koyon abin da ake taɓawa da wanda ba a taɓawa, domin kakansa ma da shi ya yi aiki.

Yau uban ma bai san abin da ke cikin kwalbar ba. Soda mai cin fata da hodar rini ta kanti sun shiga marina, fenti na feshi ya shiga gareji, maganin ƙwari ya shiga kowane lambu da kowane rumbu. Sana'ar gado ce, amma kayan aikin ba a gaje su ba, babu dattijon da za a tambaya.

Na fi jin tsoron maganin ƙwari, shi ya sa zan daɗe a kansa. A da, hukuma ce ke riƙe da shi, jami'an gona ke fesa shi idan fara ta taso. Magungunan lokacin, irin su DDT da dieldrin, suna daɗewa cikin ƙasa da jikin ɗan Adam, har duniya ta taru a Stockholm a 2001 ta hana wasu, ta taƙaita wasu. Ƙasashen CILSS, wato ƙungiyar yaƙi da fari a yankin Sahel, da Nijar a cikinsu, suna da kwamitin da ke tantance maganin da ya halatta a sayar, shi ne ya hana endosulfan a 2007, ya hana paraquat a 2011. A takarda an ci gaba. To amma, ranka ya daɗe, a zaga kasuwar Matamaye ko ta Magarya ko ta Mirya ranar da take ci. Ga kwalabe nan a kan tabarma cikin rana, kusa da mai ƙosai. Yawancinsu ta iyaka suka shigo, rubutun jikinsu da Ingilishi, alhali mai sayen ajami ya iya, in ya yi boko kuma Faransanci ya koya. Wasu ma an juye su cikin gorar lemo, babu suna ko kaɗan. Ota-fiya-fiya da muke fesawa a ɗaki don sauro, wasu har a kan wake da busasshen kifi, dichlorvos ne. Hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta Najeriya ta hana sayar da ƙananan kwalabensa tun 2019, amma wa ya taɓa neman sa a nan ya rasa?

Irin wannan magani ta fata yake shiga, ba sai an sha ba. Matashin da ke feshin tumatir ko kabeji a fadamun Korama, da ƴar singileti, babu takalmi, famfon yana ɗiga a gadon bayansa, jikinsa na tsotsar sa tun safe. Maganin yana hana jijiyoyi hutawa, sai a ga gumi, yawu na dalala, ƙwayar ido ta ƙanƙance, amai, numfashi ya yi nauyi. A gida sai a ce rana ce ta buge shi, ko zazzaɓin sauro ne, wani ma ya ce iska. Sai a ɗura masa madara. Madara ba ta karya wannan guba, allurar atropine ce maganinta, ita ma sai an yi sauri, sai kuma ma'aikacin lafiyar ya gane abin da ke gabansa. Gorar da maganin ya ƙare a ciki fa? Ana ɗauraye ta a zuba ruwan sha ko man gyaɗa.

Man fetur ma ya sauya mana rayuwa. Matatar SORAZ ta fara aiki a ƙarshen 2011, da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Can aƙalla akwai ƙofa, akwai rajistar ma'aikata, sufeton ƙwadago ya san inda zai je ya yi tambaya. Wanda ba ya cikin rajistar kowa shi ne ɗan ruwa-ruwa a bakin titi, wanda ke zuƙo fetur da baki ta tiyo, ya wuni cikin tururinsa, da yaron gareji da ke wanke hannu da shi kafin ya ci tuwo. A cikin fetur akwai benzene, kuma masana ba sa gardama a kan cewa yana jawo sankarar jini. Ba ya nuna kansa yau ko gobe. Sai bayan shekaru, lokacin da ba wanda zai tuna da tiyon.

Dalma kuwa an cire ta daga fetur, sai ta dawo ta wata ƙofa. Batiran mota da na sola da suka mutu ana fasa su a tsakar gida a narka, yara na wasa a gefe. Mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ana dakan dutsen zinariya a cikin gidaje. Tun da aka samu zinariya a Jado a 2014 samarinmu ke tafiya arewa, inda ake ƙona zaiba a buɗaɗɗen wuri don ware zinariya, hayaƙin na shiga ƙwaƙwalwa da ƙoda. Masu fasa dutse a Kara-Kara su ma ƙurar da suke shaƙa tana daskarar da huhu, tarinta kuma da wuya a bambanta shi da tarin fuka.

Doka muna da ita. Kundin ƙwadago na 2012 ya ɗora wa mai ɗaukar ma'aikaci nauyin kare lafiyarsa, asusun kula da ma'aikata na ƙasa, CNSS, kuma yana biyan diyyar haɗari da cutar da aiki ya jawo. Sai dai wannan riga an ɗinka ta ne daidai jikin mai albashi. Manomin rani, da almajirin makaniki, da macen da ke haɗa sabulu da soda a ɗakinta, su ne mafi yawan masu aiki a jihar nan, kuma ba su da takardar albashin da za su nuna. Gubar ta bar inda doka ke tsaro, ta koma inda ba ta leƙawa.

Ba na roƙon a kori kowa daga sana'arsa. Wanda aka ƙwace wa jarka yau, gobe zai sayi wata, don yunwa ba ta jira. Roƙona shi ne a koma ta hannun da mutane suka sani. Sarakunan sana'a suna nan a fadar Mai martaba Sarkin Damagaram, ƙungiyoyin makanikai da na masu lambu da na ƴan kabu-kabu suna da shugabanni da ake jin maganarsu. A tara su da jami'an kare tsirrai da na lafiya, a nuna musu kwalba da kwalba wadda aka hana da wadda aka yarda da ita, da Hausa da Barbarci da Fulatanci, a kuma maimaita a gidajen rediyon karkara kafin noman rani ya kama. Mun ga irin wannan ya yi aiki: buhun adana wake na PICS mai riɓi uku ya raba manoma da yawa da zuba guba a wake, ba da tara ko kamu ba, sai don an je kasuwa an buɗe buhun a gaban jama'a sun ga waken lafiya lau.

A duwan da kasuwanni kuwa, ikon a hannunku yake: maganin da kwamitin CILSS ya hana kada ya wuce iyaka, wanda aka juye cikin gorar lemo kada ya zauna a tabarma.

Abu na ƙarshe ba ya cin ko dala. Ku umarci daraktan lafiya na jiha ya sa kowane ma'aikacin CSI, wato ƙananan cibiyoyin lafiya, idan aka kawo masa mai amai ko tari ko ciwon fata, ya tambaye shi sana'arsa da abin da ya taɓa a ranar, ya rubuta a rajista. A tabbatar kuma akwai atropine a cibiyoyin da ke kusa da fadamu. Bayan shekara guda a miƙa rajistar ga malaman Jami'ar André Salifou su tantance, ku samu alƙaluman jiharku da za ku kai Yamai.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya ba mu damina mai albarka.

Naku,
Wani mazaunin Birni, Damagaram