Baƙonku na asurans bai faɗa wa yaranmu gaskiya ba

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya zafin Garwa.

Ni dai tun daren da kuka kawo mutumin nan na asurans, wato inshora, cikin shirinku raina a ɓace yake, na yi ta kiran layinku bai shiga ba shi ya sa na ce bari in rubuto. Mutum ya zauna a gidan rediyo yana ta nanata wai matsalar yaranmu masu koyon moto jahilci ne, wai ba su san amfanin asurans ba, wai da za su biya da hankalinsu ya kwanta ko me ya faru kamfani na nan. Shi kuma mai gabatarwa ba abin da yake cewa sai haka ne, haka ne, ko tambaya guda mai zafi bai yi masa ba. Haba Malam!

To ni na biya, kuma ga abin da na gani. Ɗan ƙanena marigayi a hannuna yake, shekararsa 19, makaranta ta ƙi, zaman banza kuma ba na so, sai na tattara ɗan abin da nake da shi a shago na haɗa da na adashen uwarsa muka saya masa moto na hannu, Boxer, don sabo yanzu ya fi ƙarfin irinmu. Nufinmu ya koya sosai a unguwa tukuna, in hannunsa ya faɗa ya yi parmi, wato lasisin tuƙi, ya shiga kalando, wato haya da moto, kamar sauran samari. Saboda tsoron jandarma da kuma tsoron Allah na ce kafin ya fita titi sai an yi asurans. Na je wurin wani wakili, ɗan ofis ne ƙarami da tebur guda da fanka, ya karɓi katgiris, wato takardar rajistar moton, ya duba, ya tambaye ni ta wata nawa, na ce ta wata uku, ya ƙirga kuɗinsa ya buga hatimi ya miƙo mini takarda. Wallahi bai tambaye ni wa zai hau moton ba, bai ce ina parmi ba, bai ce don kai da kai ne ko don haya ba. Ni kuwa na fito ina murna na sa takarda a leda na ba yaro na ce kar ka yarda ta jiƙe.

Ba a rufa wata ba ya kaɗe wata baiwar Allah mai tallan kunu wajen Yelwa, da yamma ne lokacin da titi ya cika, ita ƙafa ta karye shi kuma ƙashin kafaɗa. Na iske shi zaune a bakin kwalta ya riƙe hannu, wando duk ya yage, kunu ya malale a ƙasa, amma abin da ya fara ce mini shi ne Baba takardar tana nan ba ta ɓace ba. Yaro ya ɗauka ya tsira ke nan.

Da muka kai magana kamfani, cikin kwana 5 ɗin da ake cewa a sanar da su, nan ne fa muka ji karatun da ba a yi mana ba ranar karɓar kuɗi. Na farko, wannan asurans ɗin ta dole da kowa ke saya don nuna wa jandarma, wanda aka kaɗe take biya, shi direba ba ya ciki ko kaɗan, ko ya karye ko ya mutu, moton ma in ya lalace naka ne. Na biyu, tunda yaron ba shi da parmi, sun ce yarjejeniyar ba ta hau kansa ba. Matar za ta iya bin hakkinta a wurinsu, doka ta ba ta wannan, amma duk abin da suka ba ta mu za su juyo su bi mu biya. Na ce to Alhaji me na saya ke nan? Sai ya juya takardar ya nuna mini bayanta, rubutu ƙanana da Faransanci wanda ko mai tabarau sai ya matso da fitila.

Daga baya wani ɗan unguwarmu da ya karanta shari'a a Ngaundare ya zaunar da ni ya ce ai ba ƙarya suka yi ba, haka yake a dokar asurans ta CIMA, wadda ƙasashenmu suka sa wa hannu a Yawunde a 1992, da mu da Chadi da Nijar da sauran masu sefa duk ita ake bi. Ya ƙara mini da cewa in ka yanki ta hawan kai ka je kana ɗaukar fasinja da kuɗi nan ma suna da ƙofar fita, haka in ka ɗora mutum biyu uku a baya. To Malam Edita, wane ɗan kalando ne a Garwa ko Marwa bai taɓa ɗaukar mace da goyo da yara biyu ba? Baƙonku ya san duk wannan, aikinsa ne, amma ko sau ɗaya bai ambata ba, sai jahilci jahilci. In an ɓoye maka abu aka karɓi kuɗinka, kai ne jahili ko shi ne macuci?

Mu dai a gaban jauro, wato mai unguwa, muka ƙare da dangin matar, mutanen kirki ne wallahi, suka ce ƙaddara ce, muka ɗauki kuɗin asibiti da na hoton ƙashi da abin da za ta ci har ta miƙe. Yaron kuma wurin mai ɗori muka kai shi don aljihu ya riga ya huje. Kamfani ko sefa 5 bai fitar ba.

Na san za a ce to me ya hana shi yin parmi tun farko. Madalla, ai nan nake so ku tsaya ku yi lissafi da mu. Dokar da firaminista ya sa wa hannu ranar 31 ga Disamba 2008 ta ce mai haya da moto sai ya kai shekara 18, sai yana da parmi A na tuƙin moto, ga hular kwano, ga riga mai lamba, ga asurans, ga katgiris, ga takardun meri, wato ofishin magajin gari. Ba mu ƙi ba, doka ce. Amma yaron da ke koyo bai fara samun ko dala ba, duk waɗannan daga aljihun uba ko kawu za su fito, kuma kowace takarda da nata timbir, wato kan sarki, da nata je ka dawo. Oto-ekol ɗin da na leƙa, wato makarantun koyon tuƙi, motoci ne a ƙofarsu, moton koyo ban gani ba, kuɗin da suka faɗa mini kuwa sai da na nemi wurin zama. Kowa ya san a filin ƙwallo da bayan gari yaranmu ke koyo a hannun yayyensu. Ga mai, a Fabrairun 2023 lita ta tashi daga sefa 630 zuwa 730, a Fabrairun 2024 ta koma 840, zuwa-zuwan da muke fakewa da shi ma, wato man bumburutu na Najeriya, tun da Tinubu ya cire tallafi a Mayun 2023 ya daina araha irin ta da. Mai koyo kuwa mai yake ƙonawa a banza yana zagaye. Wannan lissafin ba wanda ya yi shi a shirinku, an dai ce mu biya.

Abin da nake so, ku dawo da mutumin nan ko wani irinsa, ku zaunar da shi da shugabannin 'yan kalando da uba guda wanda abin ya taɓa ci, a tambaye shi ƙiri-ƙiri da Hausa da Fulatanci: yaron da ba shi da parmi in ya yanki asurans me za ta yi masa? In ba komai, don me wakilanku ke karɓar kuɗinsa ba su tambaya? Akwai wadda ke biyan direba in ya ji rauni, nawa take, me ya sa ba a tallarta sai ta dole kawai? A ba mu amsa mu ji da kunnenmu.

Sannan don Allah wannan layin waya naku ku duba shi. Kullum mutum huɗu biyar ɗin nan ne ke shiga, mun haddace muryoyinsu, su gai da surukai su gai da abokan shayi har lokaci ya ƙare, mu kuwa kuɗin waya na ta tafiya a jira. Ga shi kun matsar da shirin ya faɗo daidai sallar isha'i, mutum ya dawo masallaci ya tarar an ci rabi, sauran rabin kuma tallan maganin basir. Ku maido shi bayan labarai yadda yake da.

Na gode, a gai da ma'aikata.

Naku mai sauraro kullum, wani ɗan kasuwa daga Garwa.