Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Abin Da Talakawa Ke Faɗa Game Da Kwana Ɗarin Shugaban Ƙasa

Daga: Al'ummar ƙauyukan bakin iyaka, ƙasar Maigatari, Masarautar Gumel, Jihar Jigawa
Ta hannun: Dagatanmu da masu unguwanni
Zuwa ga: Mai Girma Hakimi
Satumba, 2023

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya gare ka da 'yan majalisarka, muna roƙon Allah ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Gumel, ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, amin.

Abin da ya kawo mu gabanka shi ne, a 'yan kwanakin nan da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ke cika kwana ɗari a kan mulki, wasu mutane sun zagaya ƙauyukanmu da takarda suna neman a sa hannu ko a dangwala, wai al'ummar yankin nan sun gamsu da kamun ludayin gwamnati ɗari bisa ɗari. Ba wanda ya tara mu ya ji ta bakinmu. Wasu sun dangwala don kunyar wanda ya kawo takardar, wasu kuma don an raɗa musu cewa duk wanda babu sunansa a ciki kada ya sa rai da tallafi. Muna gudun kada takardar nan ta riga mu zuwa gabanka, daga nan ta wuce fada, daga fada ta wuce Dutse, a ɗauka mu muka faɗa. Shi ya sa muka zauna a ƙofar masallatai bayan Juma'a, mata kuma suka tattauna a tsakaninsu, muka haɗa abin da jama'a ke faɗa da bakinsu domin ya zo maka yadda yake.

Ba adawa ce ta sa mu rubutu ba. A zaɓen 25 ga Fabrairu jihar nan ta ba Shugaban ƙuri'a sama da 420,000, ya zo na ɗaya a Jigawa, kuma cikin masu sa hannu a ƙasan nan akwai waɗanda suka kai dare a rumfar zaɓe suna tsaron ƙuri'arsa. Akwai 'yan lema, akwai masu jar hula, akwai waɗanda ko katin zaɓe ba su da shi.

Bakin jama'arka bai zo ɗaya ba, kuma ba za mu ɓoye maka ba. Akwai masu cewa a yi haƙuri, kwana ɗari bai isa a yanke wa mai shekara huɗu hukunci ba. Hujjarsu ita ce manyan 'yan takara duk sun yi alƙawarin cire tallafin mai tun lokacin yaƙin neman zaɓe, kuma kasafin da gwamnatin Buhari ta bari bai tanadi kuɗin tallafin ba sai zuwa ƙarshen Yuni, saboda haka ko wa ya hau da wannan zai fara cin karo. Suna yaba masa da dakatar da gwamnan Babban Banki tun a makonsa na biyu. Wannan kam ya yi wa mutanen karkara daɗi, don ba mu manta da azabar canjin kuɗi ta farkon shekarar nan ba, lokacin da mutum ke karyar da akuyarsa don kawai mai saye yana riƙe da tsabar kuɗi. Suna kuma ambaton dokar bashin karatu ga ɗalibai da ya sa wa hannu a watan Yuni, da kujerar Ministan Tsaro da ya ba tsohon gwamnanmu, Alhaji Muhammad Badaru Abubakar.

Akwai waɗanda tuni suka yanke ƙauna, yawancinsu matasa ne, 'yan acaɓa da masu nema a kara. Su cewa suke Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Waɗanda suka fi yawa kuwa ba sa nan ba sa can. In ka tambaye su sai su ce sai godiya, Allah ya kawo sauƙi. Ranka ya daɗe ka fi mu sanin talakanka, ko yana kwance ba lafiya ka gaishe shi abin da zai faɗa ke nan. Wannan kawaicin ne masu yawo da takarda suka ƙirga a matsayin gamsuwa.

Duk da wannan saɓani, akwai abubuwan da mai yabo da mai suka suka haɗu a kansu, kuma su ne kokenmu.

A ranar 29 ga Mayu, cikin jawabin rantsuwa a Abuja, Shugaban ya ce tallafin mai ya tafi. Kafin mako ya zagayo, litar da ake sayarwa ƙasa da Naira 200 ta haura 500, a watan Yuli ta wuce 600. Mutumin birni kan ce ɗan ƙauye ba shi da mota, me ya haɗa shi da fetur? To, da shi ake tayar da janaretan da ke ba mu ruwan burtsatse, da shi babur ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti cikin dare, da shi motar kasuwa ke kai buhu ta dawo da gishiri da manja. Mai injin niƙa ya ƙara kuɗi, mata da yawa sun koma wa turmi da dutsen niƙa. Ko masu goyon bayan cire tallafin cewa suke an yi gaggawa, don sai da aka cire sannan aka zauna neman abin da za a rage wa mutane zafi da shi.

Mu kuma na bakin iyaka namu ya ɗara na kowa. Tun watan Nuwamban 2019 aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, don a toshe fasa-ƙwauri. Ba mu musa cewa an yi fasa-ƙwaurin mai ta wannan hanya ba, kowa ya ga jarkoki da idonsa. Amma arahar man Najeriya ce ta jawo dokar, kuma arahar ta tafi tare da tallafin. Majalisar Wakilai ma ta nemi a ɗage ta a watan Yuli. Har yau ɗan acaɓanmu sai dai ya saya a hannun 'yan bumburutu da ribarsu a kai, ko ya ƙona mai ya nausa wajen Gumel don ya sayo mai.

Maganar da ta fi ci wa kowa rai ita ce ta iyaka. Sojoji sun kifar da Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai ranar 26 ga Yuli. Ranar 30 ga wata ƙungiyar ECOWAS, wadda Shugabanmu ke jagoranta, ta zauna a Abuja ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, ta ba sojojin wa'adin mako guda. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar da Najeriya ke ba su. Ba ma goyon bayan juyin mulki, mun ga mulkin soja a ƙasar nan mun san ɗanɗanonsa. Amma ranka ya daɗe, kai shaida ne kan abin da kasuwar Alhamis ta Maigatari take ga yankin nan. Shanu da raƙuma da tumaki da awaki daga Nijar suke shigowa, a yi lodinsu a manyan motoci zuwa Kudu, kanwa da dabino su biyo baya, su kuma mutanen can su koma da hatsi da kayan masarufi. Sa ɗaya in ya shigo kara, dillali zai ci, mai igiya zai ci, ɗan lodi zai ci, mai sayar da harawa da ɗan ga-ruwa da mai tuwo a bakin tasha duk za su samu na cefane. Yanzu mutum ya je kara ranar Alhamis ya ga yadda ta koma. Magidanta da yawa da ke ciyar da gida mako guda da abin da suka samu a yini ɗaya suna zaune a gindin bishiya.

Wannan ba shi ne karon farko ba. An rufe iyakoki a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020, kuma Maigatari na cikin guda huɗun da aka fara buɗewa, abin da ke nuna gwamnati ta san nauyinta. Akwai waɗanda jarinsu ya karye a wancan lokaci, ba su gama miƙewa ba wannan ta zo. Ga kuma darajar Naira da ta faɗi tun da aka sake ta a tsakiyar Yuni, dabbar da aka yi cinikinta da sefa sai an ƙara tarin Naira kafin a raba ta da mai ita.

Rufe babbar hanya kuma bai hana wucewa ba, ya dai mayar da mutane hanyoyin daji, inda ake tare su shinge bayan shinge ana karɓar na goro. Duk abin da aka karɓa a can, a kan kwanon hatsi da kuɗin nama yake sauka.

Ciniki ma da sauƙi a kan zumunci. Da wuya ka shiga gida a ƙauyukanmu ka rasa mai uwa ko suruki ko 'yar aure a Dungas ko Magarya ko Damagaram. Akwai mu da gona a can, akwai su da gona a nan, liman ɗaya kan ɗaura mana aure. Da aka fara maganar tura sojoji, tsofaffinmu ba su yi barci ba, don duk harsashin da aka harba ta wannan gefe ɗan'uwa zai samu. Mun ji daɗi da Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da amfani da ƙarfi a farkon Agusta. Muna kuma yaba wa Shugaban da ya tura Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi, ya kuma amince wa malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau su je Yamai. Wannan ko masu sukarsa sun ce ya kyauta. Roƙonmu ya tsaya a kan wannan hanya. Sojojin da ake son a matsa wa suna can Yamai ba su rasa abinci ba, mai tallan fura a Maigatari ce ta rasa ciniki.

Sai batun tallafi. Da fari an ce za a ba gidaje miliyan 12 Naira 8,000 duk wata, aka yi ta surutu, aka ce za a sake duba tsarin. A jawabinsa na 31 ga Yuli Shugaban ya ce an tara sama da Naira tiriliyan ɗaya cikin wata biyu daga cire tallafi, ya yi alƙawarin fitar da tan 200,000 na hatsi daga rumbunan gwamnati da tan 225,000 na taki da iri. Manomanmu sun ce takin da aka yi alƙawarinsa a ƙarshen Yuli ba na geron bana ba ne, don lokacin gero ya kusa fidda kai. A watan Agusta kuma aka sanar da Naira biliyan 5 ga kowace jiha. Malaman makarantarmu sun buga lissafi: ko da ƙidayar 2006 aka yi amfani, wadda ta ba Jigawa mutum miliyan 4 da dubu 300 da 'yan kai, rabon kowa bai kai kuɗin lita biyu ta fetur ba, balle yanzu da muka ƙaru. Ba raini muke yi ba. Muna faɗa ne don a gane abin kaɗan ne, kuma abu kaɗan in ya bi ta hannun da bai dace ba, marayu da zawarawa ko ƙurarsa ba za su gani ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, muna roƙon kada ka karɓi takardar gamsuwar nan a matsayin muryar ƙasarka, kuma ka ja kunnen masu unguwanni kada wani ya sake dangwala wa abin da ba a karanta wa jama'a a fili ba. Muna roƙon ka isar da wannan koke ga Mai Martaba, domin shi da 'yan'uwansa sarakunan Jigawa su kai wa Mai Girma Gwamna Malam Umar Namadi, shi kuma ya kai Abuja. Muna da ɗa a majalisar ministoci, wato Alhaji Badaru, kuma kujerar da yake kai ita ce maganar yaƙi da zaman lafiya ke bi ta kanta, ya san Maigatari, ya san abin da kasuwar take kawo wa jihar da ya mulka shekara takwas. A gaya musu mutanen iyaka na roƙon a buɗe hanya, ko da ga dabbobi da abinci da magani da masu zuwa jana'iza ne kafin a gama sulhu, a kuma ɗage dokar kilomita 20.

Abin da ke hannunka kai tsaye kuwa shi ne rabon tallafi. In ya iso, a yi shi da rana a ƙofar dagaci, a gaban liman da wakiliyar mata, a karanta sunaye da ƙarfi kowa ya ji, kada a tambayi mutum jam'iyyarsa. Muna kuma so ka nemi shugabannin ƙaramar hukuma su zo su faɗa wa jama'a nawa ne ya ƙaru a kason da suke karɓa tun da aka cire tallafi, da abin da za a yi da shi, don burtsatsenmu da suka tsaya ba sai an je Abuja za a gyara su ba. In za a mayar da su masu aiki da hasken rana, an raba mu da sayen mai gaba ɗaya.

Kaka ta ƙarato. Gero ya fara nuna, riɗi da wake da zoɓo na tafe. Masu kuɗi sun fara zagaye suna ba da bashi don su kwashe amfanin tun yana gona, kuma wanda yunwa ta matsa ba ya iya cewa a'a. Muna roƙon ka tara sarakunan noma da malamai a yi wa jama'a gargaɗi tun yanzu, a kuma nemi gwamnati ta kawo takin rani da wuri ga masu fadama.

In ka ga ya dace, a sa mana rana mu zo da wakilanmu mu yi bayani baki da baki, kowace rana ce ban da Alhamis. Allah ya ba ka nasara, ya taya ka riƙo.

Wassalamu alaikum.

Mu ne talakawanka masu biyayya,

Dattawan ƙauyukan bakin iyaka
Limamai da malaman makarantun allo da na boko
Wakilan manoma da makiyaya
Wakilan dillalai da 'yan lodin kara
Wakilan 'yan acaɓa
Wakilan mata

Sa hannu da dangwalen jama'a na haɗe a bayan wannan takarda, ƙauye-ƙauye.