Sanarwa ga masu shirin hutun bazara na farko a ƙasar waje

Salamu alaikum ƴan uwa. Ga masu niyyar zaga birane sannan su ƙarasa tsibiri, a kula da waɗannan tun kafin a yanki tikiti.

A fara duba fasfo. Ƙasashe da yawa ba sa barin mutum ya shiga sai da sauran wata 6 kafin ya ƙare. A tanadi tikitin dawowa da shaidar masauki, don ana tambaya.

Kada a cusa birane biyar cikin kwana goma. Kowane ƙaura yana cin rabin yini, tsakanin haɗa kaya, hanya da jiran ɗaki. Kwana 3 a kowane birni ya fi.

Batun tsibiri shi ne abin lura sosai. Daga Yuni zuwa Agusta rani ake a Bali ta ƙasar Indonesiya da Zanzibar ta Tanzaniya, amma damina ce a Phuket ta Thailand, teku na tumbatsa. In an ga jan tuta a bakin ruwa, don Allah kada a shiga. Iska kan sa a soke jirgin ruwa, saboda haka a dawo birnin da za a tashi kwana ɗaya kafin tafiya gida. Wanda ya yi nutso da tukunyar iska ya jira awa 24 kafin ya hau jirgin sama.

Jakar hannu a jirage masu araha yawanci kilo 7 ce. Batirin cajin waya a jakar hannu yake zama, ba ya shiga babbar akwati.