Amsa ga dattijon da ya tambaye ni kan waken Samaru

Assalamu alaikum Baba,

A shirin noma na rediyo ka bugo waya ka tambaye ni abu biyu kan waken SAMPEA 20-T: wai gaskiya ne idan manomi ya ajiye irinsa ba ya tsirowa baɗi? Kuma wanda ya shuka shi ya rabu da feshi ke nan? Lokaci ya ƙure mana, shi ya sa na rubuto.

Yana tsirowa, Baba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ita ta fitar da shi bisa jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, aka amince da shi a 2019. Abin da aka ƙara masa ƙwayar halitta ce daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa da ake kira Bt, wadda ke kashe tsutsar Maruca, wato tsutsar da ke huda kwanson wake, idan ta ci shukar. Ba a taɓa masa ikon tsiro ba. Kuma furen wake kansa yake yi wa barbara, don haka abin da ka ajiye shi za ka girba, muddin bai cakuɗu da wani iri a masussuka ba.

Tambaya ta biyu ce ta fi damuna, don nan masu talla suke zarce gona da iri. Ka san tsutsar nan: ka ɓare kwanso ka tarar da huji, da kashinta a manne da zare kamar saƙar gizo, ƙwayar kuma an cinye. A muguwar shekara takan lashe kashi 80 cikin 100 na amfanin. Ita kaɗai wannan wake ya fi ƙarfi. Darɓa da ƙananan ƙwarin fure da masu tsotse kwanso suna nan daram. Feshi ya ragu ne daga sau shida ko takwas zuwa biyu, amma biyun nan ba a tsallake su. Wanda ya jingine famfonsa gaba ɗaya zai ɗora wa iri laifin da ba nasa ba.

Haka nan ƙwaron rumbu bai san da zaman Bt ba. Ka busar da wakenka sosai ka ɗaure a buhun PICS mai leda biyu, kada ka zuba masa Sniper. Ragowar irin wannan magani ne ya sa Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen wakenmu a 2015.

Naka,
Malamin gona