Wasiƙar Godiya ga Shagon Ɗinki da Surfani na Layinmu a Fagge

Zuwa ga Maigida da dukkan teloli da yaran shago,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ranka ya daɗe, na rubuta wannan godiya a bainar jama'a ne domin wadda na soma yi maka a ƙofar shago ba ta ishe ni ba, tunda ka katse ni ban kai rabi ba, ka ce ai ba komai, alhali ni na san abin da aka yi mini.

Yaron wajena yana da shekara huɗu sanƙarau ya kama shi a wata bazara. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma ciwon ya tafi da jinsa. Ya yi karatu a makarantar Tudun Maliki, inda ake koyar da kurame da makafi, kuma da ya gama sai na shiga zagaya shaguna da shi ina nema masa wurin koyon sana'a. Wani ya ce masu kawo ɗinki ba za su iya da shi ba, wani kuma ya zaro kuɗi ya miƙa masa kamar bara muka zo, wannan ta fi kowace yi mini ciwo. Na san akwai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, har ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati. Sai dai babu wata doka da ta tilasta maka ka janyo wa yarona benci. Kai ka duba hannunsa, ka ba shi allura da ƙyallen shadda, ka nuna masa wurin zama tsakanin sauran yara.

Abin da na fi gode maka a kansa zai ba wasu mamaki. Bayan kamar wata biyar da farawarsa, ya dawo gida ransa a ɓace, ya ƙi cin tuwo. Ashe aska biyu ka ba shi ya fitar a gaban wata riga, tsinin ɗaya ya karkace, ka sa shi ya warware aikin kwana uku da hannunsa, zare bayan zare, a gaban kowa, kamar yadda kake yi wa duk yaron da ya ɓata aiki. Mahaifiyarsa ta so in zo in ba ka haƙuri a sassauta masa. Ni kuwa a daren nan na yi barci da daɗi, domin tun ranar da ya kurmance ban ga wanda ya ɗauke shi da daraja har ya yi masa faɗa a kan aiki ba. Mu a gida lallaɓa shi muke yi, kome ya yi mu ce ya yi kyau, kuma shi ma ya san ba da gaske muke ba.

Haka kuma ina godiya ga telolin shagon, waɗanda suka koyi maganar hannu ba tare da kowa ya sa su ba. Abin ba sauƙi gare shi ba, domin alamomin da yaran ke koyowa a makaranta sun samo asali ne daga na Amurka, waɗanda Andrew Foster, wani kurma baƙar fata, ya yaɗa bayan ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960, alhali kuramen Kano suna da tasu maganar hannu ta gado da suke yi a kasuwa da majalisa. Yaron yana gauraya biyun, su kuma suka bi shi a haka har suka gane. Na ga yadda ake kashe ƙwan lantarki a kunna sau biyu idan an kira salla, na ga kuma yadda ake buga benci domin ya ji motsin a jikinsa ya ɗago. Har suna ya raɗa wa kowa da hannu, kuma naka, Maigida, idan ba a gaya maka ba, shi ne jan tef ɗin awo daga wuya.

A nan ne kunya ta kama ni. Shekara goma sha biyar muna gida ɗaya, abin da na iya bai wuce "zo", "ci abinci" da "yi salla" ba, ga shi waɗanda ba su haɗa jini da shi ba suna hirar ƙwallo da shi har da gardama. Ƙanwarsa ce ta fara zuwa shagonku da sunan kawo masa abinci tana ɗaukar alamomi, yanzu ita ke koya mana bayan isha'i, ni da mahaifiyarsu, ko da yake yatsun tsufa ba sa lanƙwasuwa yadda ake so.

A bikin ɗan yayana da aka yi kwanakin baya, babbar rigar ango mai aska takwas daga shagonku ta fito, kuma surfanin aljihunta aikin hannunsa ne. Da mutane suka tambayi wanda ya yi, ba ka ce shagonmu ba, shi ka nuna. Yaron da a da yake laɓewa a soro idan ana taron dangi, ranar cikin abokan ango ya zauna, baffanninsa suna miƙo masa wuyan rigunansu ya duba musu aiki.

Na ji ka ce za a yaye shi bayan babbar salla, kuma ka yarda wata maƙwabciyarmu ta kawo nata yaron mai irin wannan lalura. Keken ɗinkin da na yi alkawari yana nan tafe in Allah ya yarda. Allah ya ƙara wa shago albarka, ya jiƙan magabata, ya saka muku da mafificin alheri.

Naka mai godiya,
Mahaifin ɗaya daga cikin yaran shagonka,
Fagge, Kano.