Sanarwa kan ziyarar gidan adana hotuna

Assalamu alaikum ƴan uwa. Duk wanda tafiya ta kai shi wani babban birni, don Allah ya ware ko awa biyu ya leƙa gidan adana hotuna. A Amstadam akwai Foam da Huis Marseille, duka a bakin ruwan Keizersgracht, ana iya zuwa a ƙafa daga wannan zuwa wancan. A Faris kuma akwai Maison Européenne de la Photographie.

A duba shafinsu kafin a fita, domin baje kolin yana canzawa, wasu kuma ba sa buɗewa ranar Litinin. Babbar jaka sai a ma'ajiya.

Za ku tarar da ɗakunan da duhu-duhu. Ba rowar wuta ba ce, haske ne ke kashe launin tsofaffin hotuna, shi ya sa ake hana filashi. In kun ci karo da hoton dagerotaif, irin wanda aka fara bayyanawa a 1839, ku tsaya. Faranti ne na tagulla da aka shafe da azurfa, yana ƙyalli kamar madubi. Sai ka ɗan karkata kai kafin fuskar mutumin ta fito. A waya ba ya kamuwa da kyau, kada ku wahalar da kanku.

Wanda ya je ya ba mu labari.